Shin jaruman dā irin su Achilles da Hercules jinin ƙabilun Jamaniya ne?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Tambayata ta shafi wata da'awa da ake yawan maimaitawa a rubuce-rubucen tsohon tarihin Turai, wato cewa manyan jarumai da sarakunan zamanin dā, irin su Achilles da Menelaus na yaƙin Troy, da Hercules, har ma da Iskandar na Masidoniya, asalinsu daga ƙabilun Jamaniya ne, waɗanda suka gangaro daga arewacin Turai suka mallake mutanen kudu. Da na ce ƙabilun Jamaniya, ina nufin dukkan al'ummomin da harsunansu suka fito daga tushe guda, kamar Got da Faranka (ƙabilar da ƙasar Faransa ta samo suna daga gare ta) da Sakson da mutanen Suwidin da Denmak da Norway, ba Jamusawan yau kaɗai ba.

Masu wannan magana suna cewa mawaƙin Girka Homer ya siffanta wasu jaruman da gashi mai ruwan zinariya, wanda suke ɗauka alamar mutanen arewa ce. Suna kuma cewa marubucin Rum Tacitus ya ambaci zaman Hercules a cikin waɗannan ƙabilu. Sannan suna nuna salsalar sarakunan Faranka da na arewa, wadda take tuƙewa ga Priam sarkin Troy. Ina so in san ko masana tarihi sun yarda da wani abu daga ciki. Haka kuma ina neman ƙarin haske a kan Woden, wanda tsofaffin sarakunan Ingila suka ce shi ne kakansu: mutum ne da ya taɓa rayuwa aka mayar da shi abin bauta, ko kuwa abin bauta ne aka mayar da shi kaka?

Tsohon Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a shiga hujjojin ɗaya bayan ɗaya, yana da kyau a fara duba lissafin shekaru, domin shi kaɗai ya rushe rabin maganar. Tsofaffin Girkawa sun ƙiyasta faɗuwar Troy a wajen shekarar 1184 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masana harsuna kuwa suna ganin harshen da ya haifi harsunan Jamaniya bai tsaya da ƙafafunsa ba sai wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, a arewacin Jamus da kudancin yankin Denmak da Suwidin. Ke nan tsakanin zamanin da ake jingina wa Achilles da lokacin da za a iya kiran wata al'umma da sunan Jamaniya akwai kusan ƙarni bakwai. Bugu da ƙari, an san harshen da masu sarautar Girka na wancan zamani suke amfani da shi, tunda a 1952 Michael Ventris ya warware rubutun allunan yumɓun da aka tono a fadojinsu, aka kuma tarar tsohon Girkanci ne.

Maganar gashi ba ta da ƙarfi. Gaskiya ne Homer ya siffanta gashin Menelaus da na Achilles da launi mai haske, amma shi Homer ɗin ya ba Odysseus gashi mai haske a wani wuri, ya kuma ba shi baƙin gemu da fata mai duhu a wani wurin. Mawaƙi yana ƙawata gwarzonsa ne, ba ƙidayar jama'a yake yi ba. Game da Tacitus, wanda ya rubuta ɗan littafinsa a kan Jamaniya a wajen shekarar 98 Miladiyya, abin da ya ce shi ne ana faɗin Hercules ya ziyarce su, kuma suna rera waƙarsa idan za su fita yaƙi. Al'adar Rumawa ce su laƙaba wa gumakan wasu al'ummomi sunayen nasu gumakan, shi ya sa masana da yawa suke ganin gunkin tsawa na waɗannan ƙabilu, wato Donar ko Thor, shi ne Tacitus ya kira Hercules. A wannan babin ya kawo labarin zuwan Odysseus gaɓar kogin Rhine, sannan ya ce ba zai gaskata ba, ba kuma zai ƙaryata ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin idan ka lura da kyau, ɗan'uwa, za ka ga tana gudana ne kishiyar inda masu kawo ta suke so. Sarakunan Faranka ba su ce mutanen Troy jininsu ne da ya gangara kudu ba. Cewa suka yi su ne suka fito daga Troy. Wani kundin tarihi na ƙarni na 7, wanda ake jingina wa Fredegar, ya ce Priam ne sarkin Faranka na farko, kuma bayan faɗuwar birnin jama'arsa ta rarrabu, wani kashi ya bi wani shugaba mai suna Francio zuwa yankin Rhine. Kundin bai tsaya nan ba, har Turkawa da mutanen Masidoniya ya ce daga wannan ayari suka ɓalle. Gregory na Tours, wanda ya rasu a 594 kuma ya fi kusa da zamanin kafuwar daular, bai ambaci wannan labari ba sam. Abin da ya ji shi ne sun taso daga Pannonia, a yankin Hungary na yanzu. Dalilin ƙirƙirar labarin a fili yake. Rumawa sun daɗe suna alfahari da cewa su zuriyar Aeneas ne, wanda ya tsere daga Troy, saboda haka duk wanda ya gaji ƙasar Rum kuma yana son a ɗauke shi ɗan'uwan Rumawa maimakon baƙo ɗan mamaya, sai ya nemo wa kansa kaka daga birnin.

Wasu ma sun bi sahu. Widukind na Corvey, a ƙarni na 10, ya kawo maganar cewa Sakson ragowar rundunar Iskandar ne da ta watsu bayan mutuwarsa. Snorri Sturluson na tsibirin Aisland, a wajen 1220, ya rubuta cewa Thor jikan Priam ne, Odin kuma, wato Woden a bakin mutanen arewa, wani basarake ne daga zuriyarsa da ya yi ƙaura daga Asiya zuwa arewa, mutane suka ga hikimarsa suka bauta masa. Snorri Kirista ne, kuma wannan bayani ya ba shi damar adana tatsuniyoyin kakanninsa ba tare da an zarge shi da ɗaukaka gumaka ba.

Akwai marubuci guda na wancan zamani da ya yi irin abin da kake tambaya a kai, wato Jordanes, wanda ya rubuta tarihin Got a shekarar 551 yana dogaro da aikin Cassiodorus, babban ma'aikacin fadar sarki Theodoric. Ya ɗauki Got a matsayin al'umma ɗaya da Getae, wata ƙabila dabam ta gaɓar kogin Danube da Girkawa suka sani tun zamanin Herodotus, ba don komai ba sai kamannin suna. Da wannan dabara ya kwashe tarihin wasu ya ba Got: Telephus ɗan Hercules ya zama sarkinsu, mayaƙan matan nan na almara da ake kira Amazon suka zama matansu, Tomyris da ta kashe Sairus na Farisa ta zama sarauniyarsu. Ko a nan, manufar ita ce a shigar da Got cikin tarihin da Rumawa suke girmamawa, domin a nuna cewa masu mulkin Italiya na lokacin ba jiya suka fito daga daji ba.

Ma'abociyar Karatu ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan zamanin farko. Abin da zan ƙara shi ne yadda aka juya akalar maganar daga baya, domin da'awar da ɗan'uwanmu ya ci karo da ita ba ta Fredegar ba ce, ta 'yan ƙarnonin baya-bayan nan ce.

Littafin Tacitus ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Kwafi guda ne ya tsira a wani gidan ibada a Jamus, aka kai shi Italiya a tsakiyar ƙarni na 15. Da malaman Jamus suka karanta shi, sai suka tarar da wani Barume yana yabon kakanninsu da jarunta da riƙon aure, yana kuma cewa ba su gauraya da wasu al'ummomi ba. Daga nan sha'awar zama jikokin Troy ta fara raguwa, aka koma neman tsufa na gida. A 1498 wani malamin coci ɗan Italiya, Annius na Viterbo, ya buga wasu rubuce-rubuce da ya ce na tsofaffin marubutan Babila da Masar ne, alhali shi ya ƙirƙire su. A ciki ya mayar da Tuisto, kakan da Tacitus ya ce ƙabilun suna waƙewa, ɗan Annabi Nuhu (AS), ya kuma jero sarakunan da suka gaje shi, har da wani da ya kira Hercules Alemannus. Masanin tarihin Bavaria Johannes Aventinus ya karɓi wannan jeri ya faɗaɗa shi. Saboda haka duk wanda ya ce Hercules sarkin Jamus ne, daga wannan jabun kundi maganarsa ta samo asali, ko ya sani ko bai sani ba.

Mutanen Suwidin sun fi kowa zurfafawa. Jordanes ya ce Got sun fito ne daga wani tsibiri na arewa, su kuwa suka riƙe wannan gam. A taron majalisar coci da aka yi a Basel a 1434, wani bishop nasu, Nicolaus Ragvaldi, ya nemi a ba ƙasarsa kujerar gaba saboda ita ce mahaifar Got da suka ci Rum. Wakilan Sipaniya, waɗanda su ma suke da'awar gadon Got, suka amsa da cewa jaruman ai su ne suka fita yaƙi, ragwayen suka zauna a gida. A 1554 aka buga tarihin Johannes Magnus, wanda ya fara jerin sarakunan Suwidin daga Majuju ɗan Yafisu ɗan Nuhu, ya cike giɓin dubban shekaru da sarakunan da ya ƙago. Sarakunan ƙasar suka gaskata shi har suka ɗauki lambobinsu daga lissafinsa: Erik wanda ya hau gadon sarauta a 1560 ya kira kansa na 14, ƙanensa Karl ya zama na 9. Shida daga cikin masu sunan Karl ba su taɓa wanzuwa ba, shi ya sa sarkin yanzu, Carl na 16 Gustaf, a haƙiƙa shi ne na goma mai wannan suna. Daga baya Olof Rudbeck na jami'ar Uppsala ya fara buga wani ƙaton aiki a 1679, inda ya ce Suwidin ita ce Atlantis, tsibirin almara da aka ce ya nutse a teku, kuma daga can Girkawa suka samo gumakansu da haruffansu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma na Rudbeck ya wuce misali.

A ƙarni na 19 ne abin ya tashi daga alfaharin sarauta ya koma aƙidar fifikon launin fata. Gobineau a Faransa, tsakanin 1853 da 1855, da Houston Stewart Chamberlain a 1899, suka yaɗa ra'ayin cewa duk wata wayewa aikin jinin arewa ce, kuma tana rushewa ne idan jinin ya gauraya. Ludwig Woltmann a 1905 ya bi zanen fuskoki da sunayen dangi ya ce Dante da Leonardo da Michelangelo duk tsatson Jamaniya ne. Gashin Achilles a wannan zamani ya zama hujja. 'Yan Nazi suka mayar da wannan darasin makaranta, Himmler, ɗaya daga cikin jagororinsu, ya kafa cibiyar bincike ta Ahnenerbe a 1935 domin nemo masa shaidu, har a 1943 dakarunsa suka kutsa gidan wani basarake a Italiya suna neman tsohon kwafin littafin Tacitus, ba su same shi ba. A ganina wajibi ne mai karatu ya san wannan tarihi, domin da yawa daga cikin abin da ake yaɗawa yau kwafi ne na waɗancan littattafai, an dai cire sunayen marubutan.

Ɗan Takarda ya rubuta:

Ina tare da Malam da Malama a kan mafi yawan abin da suka faɗa, sai dai ina tsoron kada a yi wa komai kuɗin goro. Akwai jaruman almara da asalinsu na Jamaniya tabbatacce ne. Dietrich na Bern, gwarzon waƙoƙin Jamus, shi ne Theodoric sarkin Got wanda ya mulki Italiya daga 493 zuwa 526. Gunther na waƙar Nibelung shi ne Gundahar sarkin Burgundi, wanda mayaƙan Hun suka hallaka tare da jama'arsa a wajen 437, kuma sunansa yana cikin kundin dokokin Burgundi. Hygelac na waƙar Beowulf ya bayyana a tarihin Gregory na Tours a matsayin sarkin da ya kai hari gaɓar ƙasar Faranka aka kashe shi. Tunda waƙa ta iya adana sunayen nan, me zai hana salsalar Woden ta ƙunshi wata gaskiya?

Sannan binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa mutanen Girka na zamanin Mycenae, wato zamanin da ake jingina wa yaƙin Troy, suna da wani kaso na jinin makiyayan filayen arewacin Baƙin Teku, irin wanda ake samu da yawa a arewacin Turai. Wannan bai ba masu da'awar wata 'yar madogara ba?

Tsohon Malami ya rubuta:

Gyaranka yana kan hanya, ɗan'uwa, kuma misalanka uku babu mai jayayya da su. Bambancin shi ne waɗannan sarakuna sun rayu a ƙarni na 5 da na 6, akwai marubutan Latin da suka ambace su ba tare da dogaro da waƙa ba. Duk da haka dubi abin da waƙar ta yi da su. Ta ce kawun Dietrich, Ermanaric, ya kore shi daga mulki, ya yi gudun hijira na shekara talatin a fadar Attila sarkin Hun. Ermanaric ya mutu a wajen 375, Attila ya mutu a 453, Theodoric kuwa an haife shi ne a wajen 454, kuma shi ne ya ƙwace Italiya daga hannun Odoacer, ba a kore shi daga cikinta ba. Tun a ƙarni na 12 wasu marubutan Jamus suka lura cewa mutanen ukun ba su yi zamani ɗaya ba. Waƙa tana riƙe suna, amma ba ta riƙe nasaba da shekaru, kuma nasaba ce ake tambaya a kanta.

Game da ƙwayoyin halitta, binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa aƙalla kashi uku cikin huɗu na asalin mutanen Mycenae daga manoman farko na yankin Anatoliya da tekun Aegean yake, kason arewa kaɗan ne, kuma galibinsu masu duhun gashi da idanu ne. Su makiyayan da ka ambata sun fara bazuwa ne a wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, zuriyarsu ta shiga Girka da Italiya da Farisa da Indiya da arewacin Turai. Girkawa da ƙabilun Jamaniya sun haɗa kaka mai nisa ke nan, kamar yadda harsunansu suka haɗa tushe, amma ɗayansu bai haifi ɗayan ba.

Sai batun Woden, wanda ban taɓa ba a amsata ta farko. Bede, malamin coci kuma marubucin tarihin Ingila, a 731, ya ce Hengist da Horsa, shugabannin da ake cewa sun jagoranci shigar Sakson ƙasar Birtaniya, tsakaninsu da Woden kakanni uku ne kacal, kuma gidajen sarauta da yawa daga gare shi suka fito. Abin da ya tona asirin waɗannan jeri shi ne yadda suke ƙara tsawo ta baya yayin da zamani yake tafiya. A farko Woden ne ƙarshen salsala. Zuwa lokacin da aka rubuta nasabar Æthelwulf, mahaifin sarki Alfred, a ƙarƙashin shekarar 855, an ɗora wa Woden kakanni masu yawa, an bi ta kan wani ɗa da aka ce an haifa wa Annabi Nuhu a cikin jirgi, an kai har ga Annabi Adamu (AS). Sarakunan Gabashin Angliya kuma suka saka Kaisar a matsayin ɗan Woden, domin su haɗa gadon Rum da na arewa a gida guda, yayin da na Essex suka jingina kansu ga wani gunkin dabam mai suna Seaxneat. Masanin nan Kenneth Sisam ya bi diddigin waɗannan jeri a 1953, ya nuna yadda aka riƙa aron sunaye daga wani gida ana liƙa wa wani. An bauta wa Woden a Ingila da Jamus da ƙasashen arewa tun kafin a rubuta ko ɗaya daga cikin salsalolin, saboda haka amsar tambayar Mai Neman Sani ita ce abin bauta ne aka mayar da shi kaka, malaman coci kuma suka rage masa matsayi zuwa mutum domin ya dace da addininsu.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, malamai. Saura abu guda: na ga ana cewa Siegfried mai kashe dodo, gwarzon waƙar Nibelung, shi ne Arminius wanda ya karya rundunar Rum. Wannan yana cikin tabbatattun ne ko cikin ƙagaggun?

Ma'abociyar Karatu ta rubuta:

Arminius kansa mutum ne na tarihi. Basaraken ƙabilar Cherusci ne da ya yi aikin soja a ƙarƙashin Rumawa har suka ba shi 'yancin zama ɗan ƙasa, sannan a shekara ta 9 Miladiyya ya yi wa kwamandan Rum Varus kwanton ɓauna a dajin Teutoburg ya hallaka rundunoni uku. Danginsa ne suka kashe shi bayan kimanin shekara goma sha biyu, kuma Tacitus ya ce ana rera waƙarsa har a zamaninsa. A kan wannan magana ta Tacitus ne wasu marubutan ƙarni na 19 suka gina hasashen cewa waƙoƙin sun rikiɗe sun zama labarin Siegfried, har suka fassara dodon da dogon jerin sojan Rum da ke ratsa daji. Babu wani rubutu da ya haɗa mutanen biyu, tsakaninsu kuma akwai ƙarnoni masu yawa da ba a ji ɗuriyar waƙoƙin ba, shi ya sa galibin masana ba su karɓi hasashen ba. Jamusawan tsakiyar zamani ma ba su san da Arminius ba. Sai da aka gano rubuce-rubucen Tacitus ya dawo, a ƙarni na 16 aka raɗa masa suna Hermann, a 1875 kuma, shekara huɗu bayan haɗewar Jamus, aka ƙaddamar da ƙaton mutum-mutuminsa kusa da Detmold, yana ɗage da takobi yana fuskantar yamma, wajen Faransa.